Sai Masu Gida: yadda Kano Pillars ta tashi, da abin da ya raba ta da kofin lig tun 2014

Wani matashi ya aiko mini da tambaya, ya ce shi ya buɗe ido ne ya tarar ana kirarin "Sai Masu Gida", manya suna ba shi labarin wata Pillars da ba a zuwa Kano a doke ta, amma wadda shi ya sani ita ce mai faɗawa rukunin 'yan dagaji da shan tara. Ya ce in gaya masa daga ina ƙungiyar ta samo asali, su waye suka ɗaga ta, kuma me ya sa tun 2014 ba ta sake ɗaga kofin lig ba.

To ƙanena, manyan nan ba ƙarya suka yi maka ba, kai ma abin da idonka ya gani gaskiya ne. Ni dai yadda na fahimci lamarin bayan shekarun da na kwashe ina bin gasar nan da rubutu a kanta, abin da ya ɗaga Pillars shi ne kuma yake kayar da ita, wato gida. Gidan nan kuwa iri biyu ne, akwai filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata da jama'ar da ke cika shi, akwai kuma gidan gwamnati da ke biyan albashi. Bari mu bi zancen daga tushe.

Ƙwallo a Kano ta girmi Pillars nesa ba kusa ba. A 1953 tawagar Kano ta ci kofin da a lokacin ake kira Kofin Gwamna, wanda daga baya ya koma kofin ƙalubale, ta doke Lagos Dynamos da ci 2 da 1. Sai Raccah Rovers, ƙungiyar da dattawan Fagge da Sabon Gari har yau in suna zancenta sai ka ga sun gyara zama. Ita ta ci lig na ƙasa a 1978, kuma a shekarar ce ta kara da Fluminense ta Brazil a Kaduna a wasan sada zumunci da Pele ya buga. Raccah ta ruguje a shekarun 1980, ta bar Kano da 'yan kallo birjik amma babu babbar ƙungiyar da za su bi. Da aka tashi fara gasar ƙwararru a Najeriya a 1990, sai aka haɗe ƙungiyoyi uku, WRECA ta hukumar gina madatsun ruwa ta jiha, da Kano Golden Stars, da ta Bank of the North, aka fitar da guda ɗaya aka raɗa mata Kano Pillars. Cikin waɗanda suka tsaya kan wannan aiki, sunan da ya fi fitowa shi ne Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa gaba ɗaya. Ka lura da wannan tun yanzu, domin zai dawo mana a gaba: tun ranar suna, Pillars 'yar gwamnatin jiha ce. Ba wani attajiri ya kafa ta ba kamar yadda Abiola ya yi Abiola Babes, ba kuma mambobi ne suka yi karo-karo suka gina ta ba.

Shekaru goman farko ba su da wani armashi sosai. Ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a 1991, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta doke ta 3 da 2. Daga nan sai hawa da sauka, har da zaman rukuni na biyu, kafin ta dawo ta zauna da gindinta a farkon shekarun 2000. Abin da zamanin ya bari shi ne 'yan wasa, irin su Ahmed Garba Yaro Yaro, da mai tsaron gida Abiodun Baruwa, sannan daga baya Sani Kaita, wanda daga Pillars ya wuce Holan.

Labarin da manya ke ba ka ya fara ne a watan Yunin 2003. A lokacin Julius Berger ta Legas ta zo Kano ta yi nasara, kuma daga ranar ba a sake doke Pillars a wasan lig a gidanta ba sai ranar 23 ga Agustan 2015, da Nasarawa United ta ci ta 2 da 1. Wasa 202 ke nan, shekara goma sha biyu. Yaron da aka haifa ranar da Berger ta ci ya kusa gama firamare kafin ya ga Pillars ta sunkuyar da kai a Kano.

In ba ka taɓa shiga filin Sani Abacha a waɗancan shekaru ba, da wuya lissafin nan ya yi maka ma'ana. Wasa ƙarfe huɗu ne, amma da an sallame azahar titin Ƙofar Mata ya fara cushewa. 'Yan Kantin Kwari su ja ƙofar shago su bar yaro, 'yan Wambai su gangaro a ƙafa, masu Adaidaita Sahu su yi ta sauke mutane tun daga nesa saboda babu hanyar ƙarasawa. Mai rake yana nan, mai gurasa yana nan, yara da ledar ruwa a ka suna kutsawa tsakanin ƙafafu. In lokacin la'asar ya yi za ka ga an shimfiɗa kwali a bayan kujeru ana sallah jere-jere, ana sallamewa ana komawa da gudu kada a rasa wuri. Na sha zama a ɓangaren da babu rumfa, siminti yana ƙona mutum ta cikin wando, ba wanda ya damu. Da 'yan wasa sun leƙo daga rami cikin rigar nan mai ruwan ɗorawa, ganga ta tashi, wani ya ɗaga murya ya ce "Sai masu gida!", filin duka ya amsa, ƙarar nan a ƙirji kake jin ta kafin kunne. Ɗan wasan da ya kwana biyu a mota daga Fatakwal ko Kalaba, ya fito cikin zafin Kano na watan Afrilu ya tarar da wannan, rabin ƙarfinsa ya tafi tun kafin a busa usur. Kirarin kansa ma abin da yake nufi ke nan, nan gidanmu ne, baƙo ya ci abin da aka ba shi ya kama hanya.

Sai dai in zan yi maka adalci, dole in faɗi ɗaya gefen. A gasar Najeriya ta wancan zamani kusan kowa zaki ne a gidansa. An daɗe ana tafiya a tsarin da mai masaukin baƙi ke ɗaukar ɗawainiyar alƙalan wasa, yawancin wasanni babu kyamarar talabijin, kuma alƙalin da ya ga dubban mutane tsakaninsa da ƙofar fita ya san fenaretin da zai busa da wanda zai kau da kai. Ƙungiya takan gama kaka ba ta ci wasan waje ko biyu ba, ta kuma ƙare a tsakiyar tebur hankali kwance. Saboda haka 202 ɗin nan ba ƙwarewa ce zalla ba, akwai iskar zamanin a ciki. Abin da ya bambanta Pillars shi ne ta fi kowa daɗewa a kai, kuma a shekarun da ta yi ƙarfi tana iya tsinto maki a waje, canjaras nan, nasara can. Da waɗannan 'yan makin na waje ake cin lig a Najeriya.

Kofin farko ya zo a 2008 a hannun koci Kadiri Ikhana, mutumin da ya riga ya ci wa Enyimba kofin zakarun Afirka a 2003. Shekarar da ta biyo baya kuwa, 2009, ita ce a ganina ƙololuwar tarihin ƙungiyar, ko da yake ba a ɗaga kofi a cikinta ba. Pillars ta shiga gasar zakarun Afirka karon farko, ƙarƙashin wani koci ɗan Sulobeniya, Ivo Sajh, ƙuri'a ta haɗa ta da Al Ahly ta Masar. Al Ahly ce ke riƙe da kofin a lokacin, da su Abutrika a ciki, ƙungiyar da ko sunanta aka ambata sai gaban mutum ya faɗi. Aka tashi 1 da 1 a Najeriya, kowa ya ce shi ke nan, a je Alƙahira a karɓo kashi a dawo. Sai aka tashi 2 da 2 a can, Pillars ta wuce da dokar ƙwallayen waje, wato ta fi cin ƙwallo a gidan abokiyar karawarta. Daga nan ta shiga rukuni da Al Hilal da Al Merreikh na Sudan da Zesco ta Zambiya, ta fito, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Wanda ya tare ta kuma ba Balarabe ba ne, ba ɗan Kwango ba, Heartland ta Owerri ce, ta ci 4 da nema a can, ta zo ta ƙara 1. Ciwon da na gida ya ji maka ya fi daɗewa bai warke ba, shi ya sa har yau in ka tayar da zancen nan a majalisa sai wani ya ce a canza magana.

A kakar da ta biyo baya ne wani siririn yaro daga Jos, Ahmed Musa, ya zura ƙwallo 18 a lig, ya karya tarihin 17 da Ishaya Jatau ya kafa tun 1990. Gudu ne da shi kamar an saki barewa. Kaka ɗaya ya yi, VVV Venlo ta Holan ta ɗauke shi, sauran labarin ka san shi, CSKA Moscow, Leicester, ƙwallo biyu a ragar Ajantina a 2014, biyu a ragar Iceland a 2018.

Sannan aka shiga shekaru ukun nan, 2012, 2013, 2014, kofi uku a jere, biyun farko da Mohammed Babaganaru, na uku da Okey Emordi. Kafin Pillars, Iwuanyanwu Nationale, wadda ita ce ta koma Heartland, da Enyimba sun taɓa yin haka, amma daga Arewa ba a taɓa gani ba. Sirrin tawagar nan a wurina shi ne an bar ta ta daɗe tare. Theophilus Afelokhai a raga, Shehu Abdullahi matashi daga Sakkwato, Gambo Mohammed a gaba, Rabi'u Ali a tsakiya yana raba ƙwallo. Ka dubi sunayen nan da kyau. Ƙungiyar da ake yi wa kallon ta Hausawa zalla, a fili cike take da 'yan Edo, 'yan Binuwai, Inyamurai da Yarabawa, kuma ɗan kallon Kano bai taɓa tambayar garin ɗan wasa ba muddin yana zuba gumi. Marigayi Chinedu Udoji ya isa misali. Tsohon kyaftin ɗin Enyimba ne, ya dawo Pillars, ya rasu a haɗarin mota a cikin Kano a watan Fabrairun 2018, a daren ranar da ya buga wasa da tsohuwar ƙungiyar tasa. Yadda garin ya yi jimaminsa, sai ka ce ɗan Ƙofar Na'isa ne.

Rabi'u Ali kam sai an ware masa nasa zancen. "Pele" ake ce masa, kuma a Kano in ka ce Pele ba ka ƙara komai ba, shi za a ɗauka kake nufi, ba na Brazil ba. Ba shi da gudun Ahmed Musa, ba shi da jiki, amma ƙwallo tana jin maganarsa, musamman in an ajiye ta za a buga firikik. A gasar CHAN ta 2014 a Afirka ta Kudu, wato gasar ƙasashen Afirka ta 'yan wasan da ke buga lig a gida, lokacin koci Stephen Keshi, yana cikin waɗanda suka ci a wasan da Najeriya ta farke ƙwallo uku ta doke Maroko 4 da 3. Abin da ya fi ƙwallayensa daraja shi ne zamansa. A gasar da ɗan wasa ke canza ƙungiya duk kaka saboda neman inda za a biya shi, shi ya zauna, ya ga kofuna, ya ga faɗuwa, ya bi ƙungiyar zuwa rukunin 'yan dagaji ya dawo da ita, ya haura shekara arba'in yana cin ƙwallo. Ba waliyyi ba ne, a 2019 an dakatar da shi wasa 12 saboda rigimar da ta tashi da alƙalin wasa a filin Agege na Legas. Amma in ana neman fuskar Pillars, tasa ce.

Yanzu ga rabi na biyu na tambayarka. In za a sa wa gangarowar rana, ni watan Maris na 2015 zan nuna. Tawagar tana kan hanyar zuwa Owerri wasan farko na kaka, 'yan fashi suka buɗe wa motarta wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, 'yan wasa biyar suka ji raunin harsashi, ciki har da Gambo Mohammed, mutumin da shekara biyu kafin nan yake Brazil da Super Eagles a gasar zakarun nahiyoyi. A farkon watan Afrilu kuma Moghreb Tetouan ta Maroko ta fitar da su daga gasar Afirka, a watan Agusta Nasarawa ta zo ta fasa tarihin gida. A shekarar aka yi canjin gwamnati a jiha, kuma a ƙungiyar gwamnati wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Yadda abin yake aiki shi ne, gwamna ke naɗa shugabannin ƙungiya, kuɗi kuma daga baitulmalin jiha yake fitowa. In mai mulki yana son ƙwallo kuma aljihun jiha da nauyi, sai a sayi 'yan wasa, a yi alƙawarin filaye da motoci. In hankalinsa ya koma wani wuri, takardar neman kuɗin tafiya sai ta yi makonni a kan tebur. Sabuwar hukuma takan zo da nata kocin, koci ya zo da nasa 'yan wasan, a sallami goma sha biyar a ɗauko goma sha biyar, a fara gini daga tushe. Ba Pillars kaɗai ke wannan ciwon ba, yawancin ƙungiyoyin gasar na gwamnatocin jihohi ne. Amma a Kano abin ya fi ban takaici, domin ita ce ƙungiyar da ke da abin da sauran ke nema ido rufe, wato jama'a. Garin da ke da manyan kasuwanni irin Kwari da Singa da Dawanau, a ce ƙungiyarsa ba ta iya riƙe kanta da kuɗin ƙofa, da sayar da riga, da tallan 'yan kasuwa, da cinikin yaran da ta rena? Rigunan da ka gani a jikin magoya baya, nawa ne kuɗinsu ya shiga asusun ƙungiya? Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ƙofa ranar babban wasa ya ga yawan masu shiga da "ni na wane ne".

Duk da haka ba a ce tawagar ta mutu ba. A watan Oktoban 2018, wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a Asaba, Pillars tana gaban Enugu Rangers da ci 3 da nema har saura kusan kwata a tashi. Ina gidan kallo a ranar, wani bawan Allah kusa da ni har ya fita ya tayar da babur zai je ya fara zagayen murna. Kafin ya dawo ɗaukar hularsa an farke biyu. Aka farke na uku a ƙarin lokaci, Rangers ta ɗauke kofin a bugun fenareti. Ban taɓa jin ɗaki mai mutum sama da ɗari ya yi shiru irin na daren nan ba, sai ƙarar janareto. Shekara ta zagayo, a watan Yulin 2019 a Kaduna, koci Ibrahim Musa Jugunu ya kai su wasan ƙarshe suka doke Niger Tornadoes a fenareti 4 da 3, kofin ya dawo Kano bayan shekara 66. A kakar ce kuma suka zo na biyu a lig, suka koma gasar Afirka, Asante Kotoko ta fitar da su, 3 da 2 a Kano, 2 da nema a Kumasi.

Sai annobar korona ta zo ta taɓa ƙungiyar a inda ya fi mata ciwo. An mayar da filin Sani Abacha wurin killace majinyata, Pillars ta koma buga wasannin gida a Kaduna. Ahmed Musa ma da ya dawo na ɗan lokaci a 2021, a can ya yi wasanninsa. Masu gida suka zama 'yan haya. Da aka samu aka dawo Kano a watan Afrilun 2022, wasan farko da Katsina United ne, aka yi rikici, aka farfasa motar baƙi, hukumar gasa ta cire maki uku ta kuma kori ƙungiyar zuwa Abuja. A ƙarshen kakar ta faɗa rukunin 'yan dagaji. Ta dawo a 2023. Ahmed Musa da Shehu Abdullahi suka dawo gida a 2024, filin ya sake cika, har aka naɗa Musa babban manajan ƙungiyar a 2025. A watan Oktoban shekarar, Shooting Stars ta farke ƙwallo a ƙarshen wasa a Kano, wasu suka dira cikin fili suka far wa alƙalai da baƙi, aka sake cire maki uku, aka ci tarar miliyoyi, aka tura wasannin gida Katsina.

Ka ga inda zancen ya dawo. Jama'ar da ta sa baƙo rawar ƙafa shekara goma sha biyu, cikinta ne ake samun 'yan tsirarun da ke jawo a rufe filin. Da can in an yi irin wannan, labari ne na baka, a yi musu a wuce. Yanzu kowa da waya a hannu, kafin alƙali ya kai ɗakin canza kaya bidiyon ya zaga ƙasa. Su kuma abokan hamayya sun canza. Remo Stars, ƙungiyar ɗan kasuwa mai filinta da makarantar renon yara, ta ci lig a 2025. Ƙungiyoyi sun fara cin wasa a waje fiye da da. Wanda duk ya dogara da cewa maki uku na gida tabbas ne, in aka ce babu su, sai ya ga kamar an yi masa sata, alhali ƙwallo ce kawai. Yaran da aka rena da labarin 202 ba a koya musu yadda ake rashin nasara a gida a tafi a kwanta ba, kuma laifin wannan har da mu masu ba da labarin.

Da za a tambaye ni, abu biyu zan fara taɓawa kafin a sayi ko ɗan wasa ɗaya. A bar hukuma da koci su yi shekara uku ko huɗu ko da an canza gwamnati, kamar yadda aka bar tawagar 2012 ta nuna. Sannan a gyara ƙofa, tikiti na gaskiya, jami'an tsaro da aka horar don filin wasa, wanda ya dira fili a kama shi shi kaɗai a hana shi shiga, maimakon a bar ƙungiya da dubban mutanen kirki su biya bashinsa. Yanzu ma ga Barau FC ta hau babbar gasa a 2025, karon farko cikin dogon lokaci da Pillars ke da kishiya a cikin gari, kuma yaron Kano mai ƙafa ya samu wata ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Kai kuma ƙanena, duk ranar da ka ji ana wasa a Ƙofar Mata, ka je da wuri, ka yanki tikitinka, ka nemi kusa da dattawan nan masu rediyo a kunne ka zauna. Ka tambaye su daren Alƙahira. Zancen Owerri kuwa ka bari sai su suka tayar da shi.